Mutumin da Ke Cikin Lissafin Jijjiga

A shekarar 1962 wani masani Bajamushe mai suna Rolf Coermann, wanda ke aiki a sansanin sojan sama na Wright-Patterson a jihar Ohio ta Amurka, ya wallafa sakamakon wani gwaji da in aka ba mutum labarinsa zai ɗauka horo ake yi wa masu laifi. Ana zaunar da ƙato a kan farantin ƙarfe, sai a kunna inji ya riƙa ɗaga farantin yana sauke shi. Da farko a hankali, sau ɗaya a sakan, sannan sau biyu, sau uku, har a kai sau ashirin. A ƙarƙashin farantin akwai na'urar da ke auna irin ƙarfin da jikin mutumin ke danna shi da shi.

Muddin jijjigar a hankali take, jiki na bin farantin gaba ɗayansa, su hau tare su sauka tare. Da an doshi sau biyar a sakan sai labari ya canza. Kayan ciki su fara tsalle, ƙugu ya riƙa lanƙwasa gaba da baya, kafaɗu su yi motsin da ya fi na farantin kansa, na'ura kuma ta nuna kamar mutumin ya ƙara nauyi alhali ko ruwa bai kurɓa ba. In aka wuce nan, a sau goma sha biyar ko ashirin, sai nauyin ya zube ƙasa da yadda yake tun farko, domin tsokar mazaunai da ta cinya ta shanye mafi yawan motsin. Duk wanda ya taɓa tura yaro a kan lilo ya san sirrin: in turin ya dace da lokacin da lilon ke dawowa, ɗan ƙaramin ƙarfi ya isa ya kai yaro sama, in kuwa bai dace ba wahala ce kawai. Jikin mai zama yana da nasa lokacin, tsakanin sau huɗu zuwa shida a sakan, kuma tarakta da katafila da manyan motocin kaya suna jijjiga ba nesa da wannan zangon ba.

A 1989, a Jami'ar Southampton ta Ingila, Fairley da Michael Griffin suka maimaita irin wannan awo a kan mutum 60, maza 24, mata 24, yara 12. Suka ga a daidai wurin nan na sau biyar kujera na jin nauyin da ya kai ninki ɗaya da rabi na abin da take ɗauke da shi in babu motsi.

Daga irin waɗannan alkaluma aka fara zana mutum a takarda. Zanen ba shi da fuska. Akwati ne guda mai nauyi, a ƙarƙashinsa sifirin, kusa da sifirin ɗin shokozoba, irin dai wadda kanikawa ke canzawa a gareji. A 1969 Suggs da abokan aikinsa a jihar North Carolina suka ƙera shi da ƙarfe, dunƙule biyu a kan sifirin, don a ɗora a kan kujerar tarakta a gwada ta ba tare da an wahalar da direba ba. A 1998 Boileau da Rakheja a birnin Montreal na Kanada suka raba shi gida huɗu: kai da wuya, ƙirji, ƙasan gangar jiki, sai ƙugu da cinyoyi. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ma tana da nata mutumin, a ƙa'ida mai lamba ISO 5982, wadda ta fara fita a 1981 aka sabunta ta a 2001. Yau da kwamfuta ta yi ƙarfi akwai samfuran da suke da kowane ƙashin baya da guringuntsin da ke tsakaninsa da na kusa da shi, amma tushen bai canza ba: nauyi, tauri, da abin da ke shanye motsi.

To a nan tambayar take. Halittar da addini ya ce an karrama ta, aka busa mata ruhi, aka ɗora mata amana, ya dace a mayar da ita dunƙule huɗu da sifirin? Kuma in har zanen yana faɗin gaskiya, yana hasashen abin da zai faru da jiki kafin ya faru, me ya rage na mutum wanda ba inji ba?

Turawa sun daɗe suna kokawa da wannan. Giovanni Borelli, a littafinsa kan motsin dabbobi da ya fito a Rum a 1680, ya lissafa ƙarfin da tsoka ke buƙata ta ɗaga kaya kamar yadda ake lissafin ƙugiya da igiya. René Descartes ya kwatanta jijiyoyi da bututun ruwan da ke motsa gumaka a lambunan sarakunan Faransa, sai dai ya ware ruhi gefe, ya ce shi ba ya cikin injin. Likitan nan Julien de La Mettrie ne ya ce babu buƙatar wannan warewar. A 1747 ya fitar da ɗan littafi a Leiden ta ƙasar Holan yana cewa mutum inji ne ɗungurungum, tunani ma aikin ƙwaƙwalwa ne kamar yadda tafiya take aikin ƙafa. Holan, da ta yi suna wajen haƙuri da masu ra'ayi, ba ta iya haƙuri da wannan ba, sai da ya gudu Berlin ya fake a fadar Sarki Frederick.

Abin mamaki, fiye da shekara ɗari shida kafin La Mettrie, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya siffanta irinsa. A cikin littafinsa Munƙizu ya yi bayanin wasu masana halitta da suka duƙufa kan fiɗar gaɓoɓin dabbobi, suka ga hikimar da ta tilasta musu yarda da Mahalicci, amma suka zarce suka ce hankalin mutum ya dogara ne kacokan kan daidaituwar jiki, don haka in jiki ya rushe shi ma ya tafi. Gazali bai zargi fiɗar ba. Tsallen da aka yi daga "haka jiki ke aiki" zuwa "babu komai sai jiki" shi ya ƙi. A wannan littafin ma ya ja kunnen mai kishin addini marar sani, wanda ke ƙaryata lissafin husufi da sunan kare Musulunci, ya ce ɓarnarsa ga addinin babba ce. A wasu rubuce-rubucensa kuma ya kira jiki abin hawan rai, ya ce a kula da shi yadda mahajjaci ke kula da raƙuminsa. Wanda ya ɗauki jiki a matsayin abin hawa ba zai firgita don an auna sifirin ɗinsa ba.

Ibnu Sina, wanda ya rasu a Hamadan a 1037, yana da wani gwaji na tunani a littafin Shifa'u da ya yi daidai da kishiyar farantin Coermann. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke, a rataye a sarari, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa a wawware ba mai taɓa wata, ko iska ba ta shafarsa. Ba ya jin yana da hannu ko ciki ko zuciya. Zai yi shakkar cewa shi yana nan? Ibnu Sina ya ce ba zai yi ba, kuma wannan ya nuna "ni" ɗin nan daban yake da jiki. Shi ya cire jiki don ya ga abin da zai rage. Masu jijjiga kuwa sun cire "ni" don su ga abin da zai rage, kuma su ma sun sami wani abu tabbatacce. Bambancin shi ne su ba su iya riƙe "ni" ɗin a waje ba.

Da farko dai, mutumin da ke kan faranti ba ya zama yadda takarda ke so. In ya miƙe baya ya ɗaure tsokar ciki, wurin da jikinsa ke amsa jijjiga ya hau sama. In ya saki jiki ya sauko. Jingina na canza shi, riƙe sitiyari na canza shi, inda ya ajiye ƙafa na canza shi. Don a auna motsin kai, sai a ba shi wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da na'urori ya ciza da haƙora, ya zauna yana kallon wani ɗigo a bango ana girgiza shi, kuma duk da wannan takura, mutum goma sha biyu na iya ba da layi goma sha biyu mabambanta a kan takardar awo. Fairley da Griffin sun kuma gano wani abu da sifirin na ƙarfe ba ya yi: da suka ƙara ƙarfin jijjiga ninki takwas, wurin amsawar jiki ya sauko daga wajen sau shida zuwa wajen sau huɗu, wato jiki na yin laushi in an matsa masa.

Mai wa'azi zai so ya cafke wannan ya ce ga ruhi nan ya bayyana a ɗakin gwaji. Ya yi hattara. An ga irin wannan laushin har a jikin wanda aka kwantar rigingine ya saki jiki sarai, kuma bayanin da ya fi ƙarfi shi ne ɗabi'ar tsoka da kitse ce. Duk wanda ya kafa imaninsa a kan giɓin da kimiyya ba ta cike ba tukuna, ranar da aka cike giɓin zai rasa wurin tsayawa. Alƙur'ani da kansa, da aka yi tambaya kan ruhi a Suratul Isra'i, ya mayar da al'amarin ga Ubangiji ya tuna wa mutane ƙarancin abin da aka ba su na sani. Ba a ce a je a nemo shi a ƙarƙashin kujera ba.

Inda mutum ya shigo lissafin da gaske wani wuri ne daban, kuma a fili yake. Na'ura na iya faɗin yawan motsin da ya shiga jiki, amma ba ta da hanyar sanin ko ya yi zafi. Tun gwajin Reiher da Meister a Stuttgart a 1931, hanya ɗaya ce: a girgiza mutum a tambaye shi. A ɗakunan gwaji na yau ana ba shi jijjiga ta farko a ce wannan ita ce 100, sannan a ba shi ta biyu a ce, wannan fa nawa? Ya ce 150, wani ya ce 200, wata ta ce 80. Da irin waɗannan amsoshi, haɗe da awon jiki, aka gina ma'aunin da ke cikin ƙa'idar ISO 2631, wadda ta fara fita a 1974 aka sake ta a 1997, mai ba jijjigar sau huɗu zuwa takwas a sakan nauyi fiye da sauran. A ƙarshen ƙa'idar akwai wani jadawali da ya cancanci a tsaya a kansa. A ma'aunin da jan ƙasa yake 9.8, ƙasa da 0.315 babu takura. Daga 0.315 zuwa 0.63 'yar takura kaɗan. Daga 0.5 zuwa 1 takura matsakaiciya, daga 0.8 zuwa 1.6 takura, a haka har sama da 2, inda abin ya kai maƙura. Matakan suna hawa kan juna. Lamba 0.9 tana cikin gida biyu a lokaci guda, kuma waɗanda suka rubuta ƙa'idar sun bayyana dalili: abin da mutum zai ji ya danganta da abin da yake tsammani da abin da yake yi a lokacin, ko karatu, ko cin abinci, ko rubutu.

Ke nan ƙarƙashin lambar da injiniyan kamfanin mota ke dogaro da ita akwai shaidar mutane, an tattara an daidaita. Ilimin da ake zargi da mayar da mutum inji bai iya tafiya taki ɗaya a kan batun jin daɗi ba sai da ya gaskata maganar mai ji. Jirin mota ma haka. Motsi mai nauyin jiki, ƙasa da sau ɗaya a sakan biyu, shi ke tayar da zuciya, amma a mota guda, kan hanya guda, fasinja na amai direba na taunar goro, saboda shi ya san kwanar da ke zuwa kuma shi ya zaɓi shigarta.

Saboda haka tsoron cewa samfurin lissafi ya ci mutuncin ɗan Adam bai da tushe mai ƙarfi. Amfaninsa kuwa a bayyane yake. Ba za a ɗora mutum a kan faranti na shekara goma don a ga yadda bayansa zai lalace ba, amma filin noma na yin wannan gwajin kullum ba da izinin kowa ba. A 1994 Bovenzi da Betta a Italiya suka binciki direbobin tarakta sama da dubu ɗaya suka kwatanta su da ma'aikatan ofis, suka ga ciwon ƙugu na ƙaruwa gwargwadon jijjigar da mutum ya tara a shekarunsa na aiki da kuma munin zaman da yake yi. Tun 1993 Jamus ta sa lalacewar guringuntsin ƙasan baya saboda jijjiga a zaune cikin jerin cututtukan sana'a, da lamba 2110. A 2002 Tarayyar Turai ta kafa doka: in matsakaicin jijjigar awa takwas ya kai 0.5 a wancan ma'aunin dole mai aiki ya ɗauki mataki, 1.15 kuma iyaka ce da ba a tsallakewa. Kujerar da ke da nata sifirin da shokozoba, wadda ake gani a tarakta da manyan motoci na zamani, da irin wannan lissafin aka saita ta, a mayar da lokacinta ƙasa da na jiki don kada su haɗu.

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan damuwa. Buhari ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi azumin kullum da tsayuwar dukan dare, ya sanar da shi cewa jikinsa na da haƙƙi a kansa. In ibada ba ta zama uzurin karya jiki ba, da wuya ribar mai mota ta zama. Akwai kuma hadisin Anjasha, mai kora raƙuma da zaƙin murya, wanda waƙarsa ke sa su sauri alhali mata na bisa. Annabi ya umarce shi ya sassauta, ya kamanta matan da kwalabe masu saurin fashewa. Masu sharhi sun kasu biyu, wasu suka ce tsoron tasirin muryarsa a zukata ne, wasu suka ce tsoron wahalar da saurin raƙumi ke jawo wa mahayi ne, girgiza da faɗuwa. A fassara ta biyu, wannan umarni ne ga direba ya rage gudu saboda jikin fasinja, kuma har yau rage gudu a kan hanya mai gargada na cikin magungunan farko da masana jijjiga ke bayarwa.

Matsalar da ta fi cancantar damuwa ita ce wane ne aka auna. Tunanin "matsakaicin mutum" daga Adolphe Quetelet na Beljiyam ya fito a 1835, kuma a wannan sansani na Wright-Patterson aka kunyata shi. Gilbert Daniels ya ɗauki awon sojojin sama 4,063, ya zaɓi gaɓoɓi goma, ya nemi wanda ya faɗa tsaka-tsaki a dukansu. Rahotonsa na 1952 ya ce ko ɗaya babu. Kujerar da aka ƙera wa matsakaicin matuƙi ba ta dace da kowa ba. Ƙa'idar ISO 5982 ta 2001 ta faɗi iyakarta da bakinta: mutane masu nauyin kilo 49 zuwa 93, zaune a miƙe, ba jingina, ƙafa a ƙasa. Mafi yawan waɗanda aka auna samari ne masu lafiya a Turai da Arewacin Amurka da Gabashin Asiya. Mai juna biyu ba a hawar da ita faranti, kuma daidai ne kada a hawar, haka tsoho mai ciwon baya da wanda aka yi wa tiyata jiya. Sakamakon shi ne waɗanda jijjiga ta fi yi wa illa su ne lissafin ya fi ƙarancin sani a kansu.

A je tashar mota a Kano ko Maraɗi a duba yadda ake zama. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, na biyun rabin mazaunansa a kan kujera rabi a kan murfin giya, ƙugu a karkace, wuya a sunkuye. A bayan a-kori-kura wasu na bisa buhuna, daidai saman tayar baya inda tsalle ya fi yawa. Mai motar ya riga ya kai ta an ƙara mata ganyen sifirin don ta ɗauki lodin da ya wuce ƙa'ida, kuma sifirin mai tauri in kaya sun ragu ƙara saurin jijjiga yake, ya tura ta wajen zangon da jiki ya fi tsana. Direban tirela ya naɗe tsohuwar katifa ya ɗora a kan kujerar da ta mutu. Katifar na rage masa zafin zama da ƙananan karkarwa, amma soso mai mutum a kansa yakan amsa a wajen sau huɗu a sakan, don haka yana iya ƙara babbar jijjigar da yake gudu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan zaman da ke cikin zanen dunƙule huɗu.

In ka tambayi irin wannan direba me ya sami bayansa, amsar ba ta wuce "Sai haƙuri, ranka ya daɗe, girma ne ya zo," ko "Haka Allah ya ƙaddara." Gaskiya ya faɗa, kuma haƙurinsa abin girmamawa ne. Amma ƙaddara ba ta taɓa sauke alhaki daga kan wanda ya san sababi ba. Ana danganta wa Halifa Umar tsoron cewa in alfadari ya yi tuntuɓe a Iraƙi za a tambaye shi dalilin da bai gyara masa hanya ba. Kafin a san cewa sau biyar a sakan na cin ƙashin baya, mai kamfanin sufuri na da uzurin jahilci. Bayan an sani, kujerar da ya ƙi canzawa, da awa goma sha huɗu da ya bar direba a kan sitiyari, da kwangilar hanyar da wani ya karɓa bai yi ba, duk sun tashi daga babin tsautsayi sun koma babin haƙƙi. Abin da lissafin ya ƙara wa duniya ke nan ta fuskar addini: ya rage yawan abubuwan da za a ce ba a sani ba.

Ko a Jamus ɗin ma lambar ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Direban da ya nemi diyya a ƙarƙashin lamba 2110 sai ya nuna shekaru masu yawa na aiki, galibi goma, a kan motocin da jijjigarsu ta kai wani mataki, kuma sau da yawa motocin sun daɗe da zama ƙarfen jari-bola, sai a ƙiyasta daga awon ire-irensu. Hoton asibiti na nuna guringuntsin da ya lalace amma ba ya faɗin ko tarakta ce ta lalata shi, ko ɗaukar kaya, ko gado, ko shekaru, shi ya sa waɗanda ake amince wa ba su da yawa. Likitan da ke rubuta rahoto dole ya zaunar da mutumin ya bi tarihin aikinsa shekara bayan shekara: wace mota, wace irin hanya, awa nawa a rana, da kuma lokacin da ciwon ya fara hana shi ɗaure takalmi.